Ba Kada Ne Ya Ci Ƙafar Kakanka Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Maigidana, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Kano, kai da kawunka da iyalinsa duka. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya raba ka da sharrin mutum da na hanya. Ka gaishe mini da mutanen gidan, ka ce musu matarka ta Haɗeja tana nan, ba ta mutu ba, ba ta kuma yi yaji ba.

Kafin ka soma ɓata fuska, nemi wuri ka zauna, ga kacici-kacici. An haife ni a cikin ƙashi, na tashi a cikin jan kogi. Ba ni da ƙafa, amma duk inda faɗa ya ɓarke ni ke riga kowa isa. Ina da rai ba wanda ya taɓa ganina da ƙwayar idonsa. Sai na mutu ake ganina, a yamutsa fuska, a share ni da tsumma. Wace ce ni? Riƙe amsarka. Kar kuma ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka tun kana ɗaga mini murfin tukunya kafin tuwo ya nuna.

Takarda na rubuto maka don a waya ba ka barina in kai ƙarshen zance. Da na ce "Maigida," sai ka ce, "Kaka, na riga na yanke shawara." To, ita takarda ba a katse ta. Gwaggonka Hajara ta faɗa mini ranar Litinin za ka rubuta wa makarantar nan ta ƙasar sanyi, ka ce su ba wani gurbinka, kai za ka dawo ka yi jinyar ƙafata. Shekara biyu kana neman wurin nan. Ka rame a kansa, ka gajiyar da mu da roƙon addu'a, yanzu an ba ka, sai ka mayar saboda yatsan tsohuwa? Shi ya sa na sa Hajara ta sayo mini littafi da biro. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshensa ba.

Ka tuna ranar da ka zo yi mini sallama. Ina zaune a tabarma gindin darbejiya, ana zafin da za a iya gasa kifi a ƙasa, ni kuwa da safa a ƙafa ɗaya. Ka ce, "Kaka, safar ta mece ce?" Na ce ado ne, mijina ya zo. Ba ka yi dariya ba. Ka durƙusa ka zare ta da hannunka, ka warware tsumman da ke ƙarƙashi, sai na ga fuskarka ta canja.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Shekaranjiya."

"Kaka."

"To, mako uku. Garwashi na taka a bakin murhu, ban ma ji ba sai da na ga wurin ya tashi."

Ka ce mai ciwon suga ba ya wasa da ciwon ƙafa. Na ce kai da ba likita ba, likitan kifi, me ka sani? Sai ka ciro wayarka ka zauna kusa da ni, ka ce bari ka nuna mini abin da ka sani.

Ga abin da na fahimta. In na karkace, ka gyara a zuciyarka. Ka ce a jinin mutum akwai jajayen ƙwayoyi masu dakon iska, akwai kuma farare masu tsaron gida. A cikin fararen akwai waɗanda suka fi yawa, ka kira su nutirofil. Na ce bakina ba zai ɗauka ba, ni 'yan kwana-kwana zan ce musu. A ɓargo ake yin su, kullum ana sako sababbi, don ba sa daɗewa. Kwana ɗaya, kwana biyu, sun gama duniya. Suna bin jini suna kewaya jiki. Da ƙaya ta soki mutum, ƙwayoyin cuta suka shiga, sai naman wurin ya saki wani abu kamar ƙamshi, jijiyar jinin da ke kusa kuma ta yi danƙo daga ciki. Masu wucewa sai su rage gudu, su riƙa mirginawa a jikin bangon jijiyar, yadda mai kwalekwale ke bin gefen gaɓa yana kama ciyawa in zai tsaya. Sannan su tsaya cak, su baje, su matse jikinsu su kutsa ta tsakanin bangon su fita waje. Ba ƙofa, ba taga. Daga nan sai rarrafe: gaba ya miƙa ya kama, baya ya tattaro ya biyo, suna nufar inda ƙamshin ya fi ƙarfi. Wanda ya fara isa ya yi kira, saura su yi dafifi, kamar ranar kamun kifi in aka ce an buɗe ruwa.

Ni dai abin da idona ya gani a wayar, wani abu ne kamar ɗigon koko yana bin wani ɗan baƙin ɗigo. Ya bi nan, ya bi can, ya ratsa tsakanin jajayen, bai kula kowa ba sai wanda ya sa a gaba, har ya cim masa ya haɗiye. Ban san lokacin da na ce, "Yauwa! Kama ɗan banza!" ba, har Hajara ta fito daga madafi da muciya a hannu, tana tsammanin ɓarawo ne. Ka ce in sun haɗiye, a cikinsu akwai dafin da ke narkar da ƙwayar cutar. Wasu kuma in abin ya fi ƙarfin bakinsu, sai su farke, su watsa zaren da ke cikinsu kamar masunci ya jefa ragar birgi, ya rufe abokan gaba. Nan na ce lallai waɗannan masuntanmu na Auyo ne.

Sannan ka zo kan ƙafata. Ka ce suga in ya yi yawa a jini sai su yi nauyi, su yi kasala, hancinsu ya dushe, ƙananan hanyoyin jinin ƙafa kuma su tsuke. Na ce kamar yadda ciyawar kacala ta cinye mashigin ruwan ƙauyenmu, har kwalekwale ba ya wucewa? Ka ce haka nan. Ka ce abin da za ka je koyo ke nan: yadda suke gane hanya, abin da ke sa su ɓata, da yadda suke janyewa in aiki ya ƙare, don in suka ƙi tashi daga wuri su ma ɓarna suke yi. Kuma wai a jikin wani ɗan kifi za ka koya, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ana hango cikinsa tar kamar kwalba. Za ka ɗan yanki wutsiyarsa, ka sa shi a madubin likita, ka zauna kana kallon 'yan kwana-kwana suna tahowa. Jikan masunci zai haye teku ya je kallon kifin da ko kyanwa ba za ta tsaya masa ba! Na yi dariya har da hawaye.

Na tambaye ka, to in sun gama yaƙin, ina suke zuwa? Idonka ya koma kan ƙafata, ka ajiye wayar ka ce, "Ba inda zan je."

Yanzu saurara, zan gaya maka wace ce matar da kake shirin zubar da karatunka dominta.

Ina amarya a ƙauyenmu na gefen Auyo aka buɗe ajin manya a zauren mai gari. Malam kakanka da kansa ya ce in je. Na fi kowa saurin kamawa, ban ɓoye maka ba, har matan suna leƙen allona. Wata rana malamar ta kira ni gaban allo in rubuta "kwalekwale", na bar harafi ɗaya. Ta gyara, matan suka yi dariya, 'yar dariyar da ba ta kai komai ba. Na ajiye alli na fita, ban sake komawa ba. Malam ya yi lallashi, na ce ciwon kai nake yi duk ranar aji. Saboda harafi ɗaya na bar sauran haruffan duniya. Lissafi ban koya ba, Turanci ko "zo" ban sani ba. To, inda za ka, za a gyara maka a gaban mutane, da harshen da ba naka ba, wataƙila ma yarinyar da ka girma ce za ta gyara maka. Kunnenka zai yi zafi. Ka bar shi ya yi zafin, ka ce na gode, gobe ka riga kowa zuwa.

Wannan ƙaramar ce. Ga babbar.

Tun kana yaro kake jin labarin yadda kakanka ya rasa ƙafarsa ta hagu. Ni na ba ka shi, a tabarmar nan, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yadda kada ya taso masa a bakin kogi, yadda suka yi kokawa tun hantsi har azahar, yadda Malam ya cusa masa gorar kamun kifi a baki. Kana zaro ido, kana cewa, "Kaka, tsawonsa fa?" Ina cewa daga nan zuwa bakin zaure. Shekara ta kewayo, ya kai daga nan zuwa masallaci.

Ba kada ba ne, Maigida. Ban taɓa ganin kada a ruwanmu ba sai fatarsa a wurin masu magani. Ƙurungu ne, kifin nan mai ƙaya. Ɗan ƙurungu da bai fi tafin hannunka ba.

Shekarar ruwa ya yi yawa, har ya yanke hanyar mota, ko ina sai da kwalekwale. Shinkafarmu ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, ta nuna, ta sunkuyar da kai, tsuntsaye jan-baki suna sauka mata kamar hadari. Malam ya kira gayya, ranar Alhamis maza za su taru a yanke. Ranar Asabar kafin nan ya dawo daga duba komarsa ta kamun kifi, zai sauko daga kwalekwale, ya taka ƙurungun da ya faɗo daga kwando. Ka san ƙayarsa, in ya miƙe ta ba ta lanƙwasawa. Ta shige masa tafin ƙafa. Ya shigo gida yana ɗingishi yana dariya, yana cewa, "Dije, yau kifi ne ya kama masunci."

Ni kuwa a lokacin an san ni da hannun magani. Innata ta koya mini, mata suna kawo mini yara masu tari da masu gudawa, ina jin kaina. Na zare ƙayar, ban lura bakinta ya karye a ciki ba. Na tauna ganye na cusa, na shafe da lakar bakin kogi don ta yi sanyi, na yagi gefen zanena na ɗaure tamau. Abin da muka gada ke nan: kar a bar iska ta shiga ciwo. Kwana biyu ƙafa ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi. Kwana uku ta soma fitar da mugunya. Ina gani sai ƙyama ta kama ni, na ce ga cutar nan tana fitowa don ɗaurin bai yi ƙarfi ba. Na goge, na ƙara laka, na ƙara tamkewa.

Ranar Laraba Tanko wanzami ya zo yi wa Malam aski. Yana tsugunawa ya ɗaga hanci.

"Malam, me ya mutu a gidan nan?"

Malam ya ce, "Ƙafata ce take ɗan gaishe ka."

Tanko ya taɓa ɗaurin, ya juyo ya dube ni. "Matar Malam, kwance wannan abu. Sai an buɗe. Ko in yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi abin da ya taru ya fita, ko ku sa shi a kwalekwale yau ɗin nan ku kai shi asibitin Haɗeja. Ni da za ku ji tawa, asibitin ya fi."

Na ce, "Kai da aka kira aski, wa ya tambaye ka ƙafa?"

"Ba a tambaye ni ba, hancina ne ya ji."

"To, ka mayar da hancinka cikin zabirarka. Gobe gayya. In ka huda masa ƙafa, kai za ka tsaya a kan shinkafar?"

Ya ce, "Shinkafa ana sake shukawa, Dije."

Na ce masa tun kafin ya iya riƙe aska ake magani a gidanmu. Ya dubi Malam. Malam ya dube ni, ya dubi Tanko, ya ce, "Bari mu ga bayan gayya." Ba don ya yarda da ni ba ne. Don kar ya kunyata ni a gaban baƙo ne. Tanko ya gama askinsa ya tafi, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

An yi gayya, Malam yana tsaye cikin ruwa da sanda, yana yi wa maza barkwanci. An yanke shinkafa tas. Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya kayar da shi, wani jan layi ya taso daga idon sawu ya nufi gwiwa, yatsun suka soma baƙi. Da hantsi muka shimfiɗa shi a kwalekwale, Tankon nan da na zaga shi ne ya riƙe masa kai a cinyarsa har bakin titi. Har yau ina jin ƙarar ruwa a jikin katakon, da kukan tsuntsaye a gonakin da aka yanke, da Malam yana kiran sunan innarsa. Ruwan ya yi kyau ranar, furen bado ko ina, kamar ba abin da ke faruwa. A asibiti suka ce in ana son ransa, sai a bar ƙafar. Suka yanke daga ƙasan gwiwa. Suka nuna mini ɗan bakin ƙayar a cikin faranti. Bai kai tsinken sakace ba.

Bai sake shiga kwalekwale ba. Shi ya sa muka dawo cikin gari, ya zauna a zaure yana saƙar koma yana sayar wa masu ƙafa biyu. Shekara goma sha tara ya yi a haka, ko sau ɗaya bai ce, "Dije, ke ce" ba. Na jira ya faɗa, har na so ya faɗa. Wata rana babanka, yana ɗan shekara biyar, ya tambaye shi ina ƙafarsa ta tafi. Ina tankaɗe a tsakar gida, hannuna ya tsaya. Malam ya kalle ni, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Kada ne ya cinye." Shi ya haifi kadan don ya rufa mini asiri. Ni kuma na raine shi, na ciyar da shi, yana ƙara tsawo duk shekara, don in dai yara suna dariya ba wanda zai tambayi tsumma. Babanka ya rasu bai san gaskiya ba. Hajara jiya na gaya mata. Kai ne na biyu.

Ga abin da nake so ka ɗauka. Aikinka kallo ne da faɗin abin da ka gani. Wata rana za ka yi wata uku kana yankar wutsiyar kifi, 'yan kwana-kwananka su ƙi yin abin da ka yi tsammani. Ko kuma kai da kanka ka yi kuskure, ka zuba abin da bai kamata ba, aikin ya lalace. A ranar za ka ji sha'awar ɗaurewa da tsumma, ka yi shiru, ko ka ɗan ƙara wa abin da ka gani tsawo don malaminka ya yi murmushi. Kar ka yi. Ka je ka same shi tun abin yana ɗanye, ka ce ga abin da ya faru, ni na yi. Kuma in wanda kake ganin bai kai ka ba ya ce maka wani abu yana wari a aikinka, mai shara ne ko mai wanke kwalabe, ka tsaya ka sansana kafin ka buɗe baki.

Za ka ce wadda ta ga wannan duka ai ta yi hankali. Ina fa! Shekara arba'in da ɗoriya, ga ni da safa a cikin zafi. Ka san dalili? Ranar da na ga ƙunar, ranar ce ka bugo waya kana ihu an ɗauke ka. Na ce a raina, bari yaron nan ya tafi tukuna, sannan in nuna wa Hajara. Wancan karon bari a gama gayya, wannan karon bari ka hau jirgi. Har lakar na so in aika a ɗebo mini, kunya ce ta hana ni. Na ɓoye don kar in tsayar da kai, sai ɓoyewar ce ta tsayar da kai. Don haka in ka yi ciwo a can, ko kewa ta kama ka, ko karatu ya yi maka nauyi, ka faɗa. Kar ka riƙa bugo mana waya kana "lafiya lau, lafiya lau" alhali kana ruɓewa a cikin safa. Wannan halin a jininku yake, daga wurina kuka samo.

To, ga labarin da na ajiye maka. Takardar nan a kan gadon asibiti nake rubuta ta, yau kwanana huɗu. Washegarin da ka koma Kano na ce wa Hajara ta kira mai keke napep. Ta tsaya tana kallona kamar na yi Larabci.

"Inna, asibiti kika ce?"

"Asibiti na ce. Ko sai na rubuta miki?"

Na hana ta gaya maka sai an gama, don na san za ka taso. Wannan ce ɓoyewata ta ƙarshe, na yi wa Allah alkawari. Likitar wata yarinya ce siririya, ba ta fi ka shekaru ba. Ta duba, ta latsa, ta sa aka ɗauki hoton ƙashin, ta dawo ta ce, "Mama, sai an buɗe. Ƙaramin yatsan kuma ya riga ya tafi, in muka bar shi zai ja sauran."

Kalmar Tanko ce sak, Allah ya jiƙansa. Na ji tsohuwar Dije ta taso mini har maƙogwaro, da amsarta a shirye. Na haɗiye ta. Na ce, "'Yata, ga ƙafa nan, ki yi abin da kika koya."

Sun cire yatsan, sun wanke wurin, kullum da safe ana buɗewa a sake wankewa. Ana yi mini allura, ana auna sugan, an raba ni da shayina mai cokali huɗu, wanda shi ya fi yatsan yi mini ciwo. Jiya likitar ta ce naman ya soma yin ja mai kyau, alamar jini yana isowa. Ta ce in na bi doka tana sa ran ƙafar za ta tsira. Sa rai ta ce, ba ta rantse ba, ni ma ba zan rantse maka ba. Kuma da tana wanke ciwon na yi mata tambayar da ka ƙi amsa mini, ta amsa, har ta ce wa ya koya wa Mama wannan? Na ce mijina ne, likitan kifi.

Yanzu ka gaya mini, in ka dawo me za ka yi? Wankin ciwo akwai masu yi, sun fi ka iyawa. Tuwo Hajara tana yi, kai ko ruwan zafi sai ka ƙona. Abin da za ka yi kawai shi ne ka zauna a bakin gado kana kallona da idon nan na kakanka, ni kuma ina kallon mutum na biyu da na gurgunta da tsummana. Na ɗauki na farko shekara arba'in, Maigida. Ba ni da ƙarfin ɗaukar na biyu. In kana tausayina, ta nan za ka tausaya mini.

Ba zan ce maka lallai za ka dawo ka same ni ba. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce, ni kuma na ci nawa rabon da yawa. In ka dawo ka tarar da ni, za mu zauna gindin darbejiya ka nuna mini kifinka. In ka tarar ba na nan, ba tafiyarka ce ta kashe ni ba, zamanka kuma ba zai ƙara mini kwana ɗaya a kan abin da aka rubuta ba. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini ƙaryar da na shayar da kai. A layin da nake kwance mu huɗu ne masu ciwon ƙafa, biyu daga Kaugama, ɗaya daga Miga, duk suga. Na ba su labarin 'yan kwana-kwana, na ce jikana zai je ya gano abin da ke sa su ɓata hanya. Ta kusa da ni ta ce a gaya maka ka yi sauri. Ka ga yanzu in ka fasa, ni ka mayar maƙaryaciya, a karon da na faɗi gaskiya.

Saboda haka ranar Litinin ka rubuta musu ka ce kana tafe. Ba shawara nake ba ka ba, umarnin uwargida ne.

Saura ƙanana. Ka riƙe salla ko da rana ta ƙi fitowa, an ce can tana yin haka. Ka sayi rigar sanyi mai kauri, kar ka tsaya gayu. Hajara za ta aiko maka da kuka da daddawa da busasshen kifi. In an hana shiga da kifin, ka ba kawunka, kar ka yi gardama da masu kaki. Ka ci abinci a zaune. Ka nemi mutanen kirki ko ba addininku ɗaya ba, ka gaishe da maƙwabci ko bai amsa ba. In ka ga wadda ta kwanta maka a rai, ka turo hotonta in duba ko ta kai ni kyau. Na san ba za ta kai ba, amma zan yi haƙuri. Duk Juma'a ka kira ni, kuma ka bar ni in kai ƙarshen zance.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, a sama da a ƙasa. Ya buɗe maka ƙirji, ya haɗa ka da malamai masu tausayi, ya sa abin da za ka koyo ya amfani mutane. Allah ya jiƙan mai sunanka da babanka, ya dawo mana da kai cikin aminci. Amin summa amin.

Taka har kullum,
Kakarka Dije, mai yatsu tara a ƙasa.

Amsar kacici-kacicin: farar ƙwayar jini ce, wadda kake kira nutirofil. A ɓargo ake yin ta, a jini take yawo, ita ke fara isa wurin ciwo. In ta gama yaƙi a nan take mutuwa. Mugunyar da ke fita daga ciwo, yawancinta gawarwakinsu ne.